Igiyar da Mama Tagwai Ta Kai Gidan Leonard

Mai girma wakilin Hakimi, Fasto da dattawan ikilisiya, Hedimasta da malaman makarantarmu, iyayenmu mata na ƙungiyar Zumunta ta coci, Baba Zamani mahaifin marigayi, 'yata Afiniki matarsa, Meshak ƙanensa, da dukan jama'ar da suka taso daga Kagoro da Nok da nan cikin Kafanchan, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Sannunmu da wannan babban rashi. Ku gafarce ni, a zaune zan yi magana, ƙafafuna sun daina ɗaukata. Ku samarin da kuke tsaye can gindin mangwaro, ku matso kusa. Muryata ba ta zuwa da nisa, kuma da ku nake so in yi magana fiye da kowa.

An zaɓe ni ne domin ni na fara kama hannun Leonard na koya masa riƙe alli. Ban taɓa zaton ni zan yi jawabin tunawa da shi ba. Shi ya kamata ya yi nawa.

Ya kasance yaro mai tambaya. Yana aji biyu ya tsayar da ni a tsakiyar darasi ya ce, "Malam, duk littattafan nan daga ƙetaren teku aka kawo su. Mu namu ina?" Na ce ya zauna ya yi shiru. Ya zauna, amma tambayar ba ta zauna ba, ta bi shi har ya girma.

Ya kasance malami na gaske. Bara da aka buɗe wa kowane yaro makarantu, yara suka fi benci yawa, shi ya ɗauki allo ya kafa a jikin bishiya ya koyar a rana. Da yamma kuma ya tara leburorin jirgin ƙasa a tasha yana koya musu rubuta sunansu. Akwai waɗanda suke zaune a nan da suka daina dangwala yatsa saboda shi.

Ya kasance mai zumunci. Tun da matata ta rasu, 'ya'yana suka watse Legas da Jos, ƙofata ba ta cika jin sallama ba. Leonard ne yake jingine kekensa a bangona bayan an tashi makaranta, ya ce, "Baba Malam, kana da rai ko in dawo gobe?" Sai ya ɗebo mini ruwa, ya zauna ya karanta mini abin da ya rubuta. In na gyara masa jimla ya ce Hausata ta tsufa kamar haƙorana.

Yanzu sai in zo ga abin da kowa yake raɗa a kai. Leonard da abokinsa Simon da wasu matasan malamai suna so su zama marubuta. Sun ji labari wai a ƙasashen waje samari suna shan ganyaye su ga abubuwa, su rubuta littafi. Leonard ya ce, "Me za mu jira? Namu yana bayan gida, akuya ma ba ta ci." Zaƙami yake nufi, wanda ake kira haukata yaro. Ya fara littafi a kan abin da kakanninmu suke gani in sun sha shi. Ya bi tsofaffi ƙauye ƙauye yana tambaya, ya rubuta da kyau, ban taɓa jin wanda ya sa maganar tsofaffinmu a takarda haka ba. Babi na ƙarshe ne ya ce ba zai rubuta da bakin wani ba, sai ya gani da idonsa. Na ce masa kada ya yi. Ya yi dariya. Na ce to in ya ƙi ji, a ɗakina zai sha, in tsare shi. Ya ce, "Baba, kai da ko ɗan akuya ba ka iya riƙewa?"

Mun san sauran. Ranar Asabar da hantsi ya sha shi kaɗai a gidansa, ya fita babu takalmi, washegari masunta suka sami gawarsa a rafi ƙasan ruwan da yake zubowa daga dutse.

Meshak, na ga ka miƙe. Zauna, ɗana. Zauna, ban gama ba.

Na san abin da aka shirya yi in an tashi daga taron nan. Na san akwai galan na kananzir a bayan coci. Na san an jefi rufin ɗakin Mama Tagwai, tsohuwar unguwarzoman nan ta bakin kasuwa, har ta kulle kanta, ko gaisuwar mutuwa ba ta iya zuwa ba. Dalilinku ɗaya ne: an gan ta ranar Asabar ɗin tana sauri zuwa gidan Leonard da igiya a hannu. Kuka ce kurwarsa ta je ɗaurewa, kuka ce mayya ce.

Ku saurare ni, ku da aka haifa bayan an gina coci. Ni an haife ni kafin nan. A ƙauyenmu, ina yaro, na ga kawuna ya sha zaƙami. Ba a taɓa barin mutum ya sha shi kaɗai ba. Kafin ya kai ƙwarya baki, sai an ɗaura masa igiya a ƙafa, a ɗaure ɗaya bakin a gindin rumbu, manya su zauna kusa da shi. Me ya sa? Domin abin yana busar da maƙogwaro kamar an zuba toka, idon mutum kuma ya juye. Zai tashi neman ruwa, ya ga rafi ya ɗauka hanya ce, ya ga rijiya ya ɗauka ƙofar ɗakinsa ce. Igiyar nan ba ta maita ba ce, ita ce take riƙe mutum a duniya har abin ya sake shi. Da muka bar shan, muka yi daidai. Amma igiyar ma mun manta da ita, har yau muka ga tsohuwa da ita a hannu ba mu gane ba.

Leonard da bakinsa ya gaya mini ya je wurin Mama Tagwai ta ba shi zaƙamin, ta kore shi da muciya. Ta ce, "Ni na yanke cibiyan ka, ba ni zan ba ka hauka ba." Simon, ɗaga kanka. Kai ka san inda ya tsinko 'ya'yan zaƙamin, a juji bayan gidajen ma'aikatan jirgi. Ba na tuhumarka, ɗana, ba kai ka ba shi ba. Amma kada ka yi shiru a kashe tsohuwa. In ƙarya nake yi, ka faɗa yanzu a gaban Fasto.

Kun ji. Ya ce haka ne.

Afiniki, 'yata, a wurinmu mace mai makoki ba ta magana a taro, shi ya sa gaskiya ta kwana a bakinki har yau. Kin ba ni izini in faɗa a madadinki. Mama Tagwai ta ji labari a kasuwa cewa malam ya sha. Ta kwance igiyar gugarta, ta zo tana haki, ta ce, "Ina mijin ki? Kada ki bari ya fita, kawo ƙafan shi!" Kika ce ai ya riga ya fita. Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Mutum ɗaya tak a garin nan ya san abin da zai ceci Leonard, ya kuma ruga domin ya cece shi. Ita ce kuke so ku ƙona.

Baba Zamani, ɗan'uwana, ɗanka ya tafi, ba abin da zan faɗa ya dawo da shi. Amma ɗayan, Meshak, yana nan a gabanka. In ya kunna wutar nan, gobe 'yan sanda za su tafi da shi, ka rasa biyu. Kai kaɗai zai ji maganarka. Ku kuma abokan Leonard masu son rubutu, ku rubuta, muna bukatarku. Amma mutumin da ya nutse ba ya rubuta babi na ƙarshe.

In an yi addu'ar rufewa, ina roƙon mutum biyu su kama ni su kai ni ƙofar Mama Tagwai da kujerar nan. Can zan zauna. Wanda ya zo da kananzir, ni zai fara zuba wa. Wanda ya zo gaisuwa, akwai wuri a gefena.

Na gode wa Fasto da dattawa, da matan Zumunta da suka riƙe gidan nan, da dukanku da kuka yi haƙuri da tsoho. Mu sunkuyar da kai.

Ya Uba, ga bawanka Leonard, ka san zuciyarsa fiye da mu, ka karɓe shi cikin jinƙanka. Ka ta'azantar da Afiniki da mahaifinsa. Ka sanyaya zuciyar Meshak. Ka tsare hannuwanmu yau daga jinin marar laifi. Cikin sunan Yesu, amin.

Meshak, zo ka kama mini hannu.