Ƙarfen da Wuƙa ke Yankawa

A tasha muke muna jiran mota ta cika, ni kuwa na yi kamar gyangyaɗi nake. Wata ɗaliba tana bitar jarrabawa da ƙarfi, wani mai walda yana ta harararta.

"Litiyam, sodiyam, fotasiyam. Ƙarafa ne masu laushi, wuƙa tana yanka su. Fotasiyam ya fi su faɗa, da ya taɓa ruwa sai wuta."

"'Yata, wa ya koya miki wannan ƙaryar?"

"A littafi take, Baba."

"Shekara talatin ina walda. Ruwa ake zuba wa ƙarfe ya huce. Haka tawa 'yar ta zo min da wannan shirmen jiya, wai har cikin mai ake ajiye su. Na ƙwace littafin."

"Ka ƙwace? Jibi fa za a yi jarrabawar."

"Ga shi nan a aljihuna. Makarantarsu zan je, malamin ya yanka ƙarfe da wuƙa a gabana."

Ta danna wayarta ta miƙa masa bidiyo. Sau uku ya kalla, na ƙirga.

"Wannan ɗan gutsuren ne yake gudu a kan ruwa?"

"Shi ne, Baba."

"To ai ba ƙarfen kirki ba ne. Ko ƙyaure ba zai yi ba."

"Amma shi za a tambaye mu."

Ya shafa aljihu, ya rage murya.

"Turo min shi. Zan mayar mata da littafinta, in ce gwada ta nake yi."

"Malamin fa?"

"Ya ci sa'a, yau aiki ya yi min yawa."