Bokiti Ɗaya a Kan Tsaunukan Siminti

Assalamu alaikum. Mai girma shugabar kwamitin wannan makaranta, shugaban makaranta da malamansa, manyan baƙi da ke cikin inuwar rumfa, iyaye da tsofaffin ɗalibai da ke tsaye a rana, 'ya'yana da ke zaune a ƙasa, ina gaishe ku duka, kowa da matsayinsa.

Na gode da kuka tuna da ni. Rabon da a kira ni filin nan in yi magana, tun gashin kaina yana baƙi. Ban iya yabo ba, tsufa kuma bai koya mini ba, saboda haka ku yi haƙuri da abin da za ku ji.

Magana ta farko, wannan abin da kuka zagaye, wanda wani a kwamiti ya kira tarin tsohon siminti, ƙasarmu ce. Ni da ɗalibaina muka gina ta lokacin da nake koyar da labarin ƙasa, da yashi, da siminti, da cokulan da suka ɗauko a ɓoye daga ɗakin girkin iyayensu mata. Waɗannan tuddan na yamma, masu kai wa gwiwa, su ne tsaunukanmu, inda ruwan sama ke fara sauka. Wannan shimfiɗaɗɗen tudun na tsakiya shi ne inda ake kiwo da haƙar ma'adinai. Can gefe inda muka bar yashi tsurarsa, hamada ce, da tafkinta mai gishiri. Wannan kwarin kuwa da ya ratsa ta tun daga sama har ƙasa, babban koginmu ne, da rassansa uku, har inda ya rarrabu kamar yatsun hannu ya faɗa teku. Tekun, wani tsohon baho ne muka binne. Idan aka zuba bokiti ɗaya a kan tsaunuka, ruwan zai bi hanyarsa har bahon, ba mai nuna masa.

Magana ta biyu ba ta da daɗi. An rage darasin, daga baya aka cire shi, ni ma aka sallame ni da tafi. Na yi karatu mai zurfi a kan duwatsu da koguna, na ƙare ina kallon awaki suna kwana a kan tudun tsakiya, leda ta toshe babban kogi. Aka yi ta yaye yara masu takardun shaida waɗanda ba su san daga ina ruwan famfonsu yake zuwa ba. Da na ji an yanke shawarar baje wurin a yi wajen ajiye motoci, na je ofishin kwamiti. Aka ba ni kujera, aka ba ni shayi, aka ce, "Baba, za a duba." Na daɗe a duniya, na san ma'anar za a duba. Na koma gida na kasa cin abinci. Matata ta ce, "Malam, kai da siminti kamar shi ya haife ka."

Magana ta uku ita ce ta kawo mu nan. Ranar da katafila ta iso, na ɗauko bokiti na zo, ba don in hana ba, don in ga kogin ya gudana sau ɗaya kafin a kashe shi. Na zuba ruwa, ya gangaro, ya tsaya cak a tsakiya. Sai direban katafilar ya kashe inji ya sauko, wani ƙato mai furfura a gemu, ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba? Ni ne Sarkin Barci. A kan tudun nan kake tsayar da ni duk ranar da na yi gyangyaɗi." Na ce, "Ashe ka farka." Ya durƙusa ya zaro ledojin da hannunsa, ruwa ya wuce.

Leburori suka ajiye diga suka matso. Wani dogo ya taka tsauni ya ce nan ne garinsu. Wani gajere, ɗan masunta, ya tsuguna a bakin bahon ya ce, "To ni nan aka haife ni. Kai Dogo, ashe duk wankin da kuke yi a can sama mu ke shanye shi?" Dogon ya ce, "Ku gode mana, da ba mu sako muku ba, da ƙura za ku kama da taru." Wani birkila ya nuna reshe na biyu ya ce a nan kwale-kwale ya taɓa kifewa da kakarsa, ta fito da akuyarta a kafaɗa. Mutanen da suka yi watanni suna aiki tare, sai ranar suka san kogi ɗaya suke sha.

Ana cikin haka shugabar kwamiti ta iso, ta tambayi dalilin tsayar da aiki. Sarkin Barci ya cika bokitin ya miƙa mata, ya ce, "Ranki ya daɗe, zuba tukuna, sannan in tayar da inji." Ta zuba. Ta bi ruwan da ido, ta bi shi da ƙafa, har takalminta ya jiƙe a fadamun kudu. Ta tsaya a wurin, ta ce, "Nan mahaifiyata take noman shinkafa. Motocin su koma bayan ɗakin gwaje-gwaje." Ni da na shirya baƙar magana tun daga gida, na rasa inda zan ajiye ta. Na zauna a kan tudun tsakiya. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Ba zan ce zuciyata ta wanke sarai ba. Darasin bai dawo ba, kuma ban ga alamar zai dawo ina raye ba. Amma numfashina ya sauka, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekaruna.

Magana ta ƙarshe roƙo ne. Na ji ana shirin kewaye wurin da waya, a kafa allo da sunana. Ku bar allon, ku bar wayar. Wanda bai taka ƙasar nan ba, ba zai san tasa ce ba. Ku bar yara su hau tsaunuka, ku bar su su jiƙa ƙafa a kogi, in wani abu ya fashe a kira birkila. Bokiti kawai nake so a rataye a jikin bishiyar can, kada a sa masa kwaɗo.

Allah Ya saka wa shugabar kwamiti da alheri, Ya tsare direba da leburorinsa a duk inda aiki ya kai su. Allah Ya ba mu ruwa mai albarka a tsaunuka, Ya sauko da shi lafiya har bakin teku. Allah Ya raya yaran nan, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ga bokitin nan a cike. Wani daga cikinku ya zo ya zuba. Na gode ƙwarai.