Baƙin Waken Malama A-Sake

Assalamu alaikum. Shugaban cibiyarmu, ranka ya daɗe. Manajan kamfanin iri, wanda ya kafa mana rumfar nan ba tare da an roƙe shi ba, sannu da ƙoƙari. Abokan aiki, manoma, maigidan marigayiya, yayarta Yaya Babba, da yara, Allah ya ƙara mana haƙuri.

Mu a ɗakin gwaji A-Sake muke ce mata. Ka kai mata sakamako kana washe baki, sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "Wa ya wanke kwalbar? A sake." Ta kasance ba ta yarda da awo ɗaya. Ta kasance ba ta yarda da rubutun jikin buhu. Ni da muka tsufa a benci ɗaya da ita, ni ma ban tsira ba, kuma yau ina kewar wannan kallon.

Aikinta auna sinadaran waken soya masu kare jiki daga lalacewa, yadda mai ke kare ƙarfe daga tsatsa. Iri-iri ta auna. Kullum ƙaramin baƙin waken da 'yan kasuwa ke rainawa shi ne a gaba, farin da ake talla yana can baya. Aka ce ta sassauta. Ta ce, "Na'ura ce ta faɗa, ku je ku lallashe ta."

To, satin da ta rasu, aka ce firjin ajiyar iri ya lalace. Firjinmu ne mu duka, amma irinta kaɗai aka zubar, tun kafin mu gani da idonmu. Ban kama sunan kowa ba, ranka ya daɗe. Tambaya kawai nake yi, kuma ita ta koya mini yin tambaya.

Yaya Babba, kin ce baƙi sun yi ta zuwa gaisuwa, ido na hawaye yana laluben saman kantar ɗakinta, suna tambayar ko ta bar wani abu a gwangwani. Ta bari. Firjin ma ba ta yarda da shi ba. Duk damina tana shuka baƙin waken a tsakar gida.

Iyali, ina roƙonku, kada ku damƙa shi ga mutum ɗaya, ko da ni ne. Maigidanta zai tsaya a bakin ƙofa da kwano. Kowa ya ɗebi cikin tafi ya je ya shuka. Manaja, kai ma akwai naka, daidai da na kowa.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Ranar awon ayyuka, Allah ya sa nata ya rinjaya tun a karon farko, ba sai an sake ba. Amin.