Jam'iyyar Fitila Za Ta Tashi Ƙauyenmu

Salamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Ketare.

Ran kasuwar Ƙanƙara 'yan Jam'iyyar Fitila suka zo suka karanta manufarsu. Sun ce in an sami mulkin kai, za a kwashe ƙananan ƙauyuka duk faɗin Nijeriya a mai da su bakin hanya, don kowa ya sami asibiti.

Asibitin kam ina so, don ƙanwata a kan jaki ta rasu wajen naƙuda, muna hanyar Funtuwa. Amma da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Kushewar iyayena fa, wa zan bar wa?" Tun ranar ko fura ba ya sha sosai.

Zaɓe ya matso, jama'a. Wa zan bi, Baba ko asibiti?