Ma'aunin da Za Mu Auna Muryar Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta masu haɗa sauti, dattawan sana'a waɗanda kunnuwansu suka tsufa a gaban lasifika, daraktoci da masu tace hoto da suka amsa gayyatarmu, 'yan'uwa maza da mata, da baƙuwarmu da ke zaune a layin gaba, barkanku da zuwa. Na gode da aka ba ni makirfo, kodayake wanda ya saita shi ya cika masa ƙara, kuma a kan wannan hali namu na tashi yin magana.

An tara mu domin mu zaɓi ma'aunin ƙarfin sauti, da limita, wato manhajar da ke danne sauti kada ya haura iyaka, waɗanda kowane situdiyo namu zai riƙa aiki da su. Na ji wasu na cewa wannan ai maganar kasuwa ce, kowa ya ɗora abin da ya ga dama a kwamfutarsa. To ku saurara, da izinin mutum biyun da abin ya shafa nake magana.

Baƙuwar nan tamu malamar asibiti ce. Mahaifiyarta, da kowa ke kira Inna, ungozoma ce da ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu. Aka yi hira da ita domin wani fim, ba a gama aikin ba Allah ya karɓi abarsa. Inna mace ce mai sanyin murya, sai ka matso kake jin ta. Sautin hirar ya zo hannun ɗan'uwanmu Na-Bene, wanda situdiyonsa ke saman shagon tela, kuma duk mun san gwani ne. Darakta yana tsaye a kansa yana cewa, "Ƙara mata, a waya za a kalla, ƙara mata!" Na-Bene ya ƙara sautin, ya danna limita har ƙarshe. Ya dubi ma'auninsa, ja, wato hasken gargaɗi, bai kunna ba, ya ce lafiya lau. Wuri ya ƙare a kwamfuta, sai ya ajiye sabon a kan na asali. Katin kyamara kuwa tuni an goge shi an tafi wani aiki.

Da aka kira 'yarta ta ji, numfashin Inna ya taso daidai da maganarta, ƙugin fanka ya taso daidai da numfashin, kalmominta suka fito a matse kamar mai faɗa. Baiwar Allah ta cire abin ji daga kunnenta, ta ce, "Malam, wannan ba Innata ba ce. Innata ba ta taɓa yi mini tsawa ba." Wallahi ina wurin, kuma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a sana'ar nan.

Abin da ya rage mata a duniya na muryar mahaifiyarta shi ne saƙon murya guda a wayarta, ƙarar injin wuta ta rufe rabin maganar. Tana so a gyara shi, tana kuma tsoron hannunmu. Saboda saƙon nan ta zo yau.

Kada kowa ya juya ya harari Na-Bene. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wane ne a ɗakin nan bai taɓa jin darakta ya ce a ƙara, ya ƙara ba?

Ga abin da nake roƙo. Na farko, ma'auni. Wanda yawancinmu ke kallo ƙololuwar sauti kawai yake nunawa, ya yi tsalle ya sauko, mu kuwa mu ce tunda ja bai kunna ba an tsira. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, haka ne, sai dai idon da ke kallon ma'aunin da bai faɗi gaskiya duka ba, ina zai san kima? Mu zaɓi wanda ke auna ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa, daga farkon shiri zuwa ƙarshe, wanda ke nuna tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu. In tazarar nan ta ƙanƙance, to mun kashe wani abu, ko da ja bai kunna ba.

Na biyu, limita. Ku yi mini haƙuri, samarinmu, na san kuna son mai ƙyalƙyali, mai maɓallai kamar gaban jirgin sama. Ni dai a ba ni wanda zai nuna mini ƙarara nawa yake yankewa, kuma ya bar ni in saurari aikina da shi da kuma babu shi a ƙarfi ɗaya. Kunne makwaɗaici ne, duk abin da ya fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi. A daidaita ƙarfin biyun tukuna, sannan a tambaye shi. Limita mai gadi ne a bakin ƙofa, ba a ɗauke shi aikin ɗaga murya ba. Kuma ku tuna, tashoshi da yawa suna rage duk abin da ya zo musu da ƙara fiye da kima, sai a wayi gari ƙarar ta tafi, matsewar ta zauna.

Na uku ba ya bukatar a sayi komai. Kada hannun ɗan ƙungiyar nan ya sake taɓa sauti na asali. A kwafa, a ajiye, a yi aiki a kan kwafin. In wuri ya ƙare, a tashi a nemo wuri.

Mai girma shugaba, kafin mu shigo na tambayi baƙuwarmu wa take so ya gyara mata saƙon nan, na lissafa mata manyanmu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Baba, wanda ya ɓata na farko nake so. Shi kaɗai na ga ya yi kuka." Na kai wa Na-Bene, ya ce ba zai taɓa ba sai ƙungiya ta tsayar masa da ma'aunin da zai dogara da shi, don kuwa ya riga ya daina yarda da kunnensa. To ga shi can a baya ya sunkuyar da kai, ga ta nan riƙe da wayarta. Ku suke jira ku ɗaga hannu.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Allah ya ba 'yarta haƙuri, ya mayar wa ɗan'uwanmu ƙarfin zuciyarsa. Allah ya tsare mana kunnuwanmu, ya sa mu riƙe amanar muryoyin da ake kawo mana, na rayayyu da na waɗanda ba za su sake magana ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.