Iskar Firjin Mati

A bakin tashar Daura, Mati, wani dattijo mai sayar da ƙanƙara, ya tsaya a kan mai gyaran firji, yana waiwayen motar Baure ta ƙarshe da ta kusa cika.

"Malam, yanke bututun nan iskar ta fice mana! Kowa haka yake yi."

"Ban da ni, Baba. Sai na zuƙe ta cikin tulun nan tukuna."

"Tsohuwar iska? Jiƙa ta za ka yi ka sha?"

"Masu tace ta za su karɓa. Irinta ma ana daina yi. In na sake ta, sama za ta hau, ta riƙe zafi shekara da shekaru."

"Ina ruwana? Zafin ai shi ne kasuwata!"

"Geronka ma kasuwarsa ke nan?"

Mati ya ce, "Bana sau biyu na yi shuka."

"To, ka gani. Shekara goma sha biyu ina sakinta cikin rashin sani. Wanda ka cuta a kasuwa, ka san ƙofar gidansa. Wannan da ta shafi kowa, wa zan je in roƙa gafara? Amma tun da na sani, ko cikin cokali bai kuɓuce mini ba. Tambayi duk layin nan!"

"Baure, saura mutum ɗaya!" in ji ɗan kamasho.

Mati ya dubi motar, ya gyara riga, ya zauna a benci.

"Su tafi. Zuƙe ta tas, ɗana. Ƙafafuna ba za su iya bin gida-gida neman gafara ba."