Lemar Kyaftin Dabo

Mai girma shugaban taro Dakta Zulkifilu, malamanmu, iyayenmu mata, Hajiya Ɗija matar marigayi, da 'yan'uwa da kuka taso daga Manassas da Washington, assalamu alaikum. Ni ne Almu, maƙwabcin Kyaftin Dabo na shekara goma sha tara a nan Largo, ina kuma godiya da aka ba ni dama.

Kun ji tarihinsa. Yana cikin 'yan farkonmu da suka tuƙa jirgin yaƙi, ya diro daga sama da lema sau ɗari huɗu, da girma ya zo kuma ya koma hawan balan-balan mai tashi da mutane, Hajiya na ƙasa tana jan carbi. Ba wannan ya tsayar da ni ba. Akwatin can ne, mai ɗauke da lemarsa da lambobin yabonsa, wanda aka ce yau za a danƙa wa Malam Hafiz ya kai gidan tarihi.

Jama'a, hankalina bai kwanta ba. Na farko, mu ba ma tambayar mai gaisuwar mutuwa daga ina yake. Malam Hafiz ya zo ranar uku muka ba shi kujera da abinci, kafin ranar bakwai ya zama aminin marigayi. Na biyu, sau uku na tambaye shi sunan gidan tarihin, suna uku ya ba ni. Na uku, a gabana ya ce wa Hajiya shi ke ninke wa Kyaftin lema in zai diro.

Duk wanda ya zauna da Kyaftin ya san ko dardumar salla ba ya bari a ninke masa. Na taɓa gwadawa bayan Juma'a, ya riƙe hannuna ya ce, "Almu, abin da zan dogara da shi, ni nake ninke abina."

Ban kira kowa ɓarawo ba. Amma akwatin nan shi ya rage wa Hajiya da jikokinta, in ya fita ƙofar nan ba zai dawo ba. Don haka ga tebur, ga lemar na ciro daga akwatin na warware ta. Malam Hafiz, bismilla, taso ka ninke mu gani.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga kujerarsa ba kowa. Hajiya, ga mabuɗin akwatinki.

Allah Ya jiƙan Kyaftin, Ya tsare bayansa, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.